Wili ko maɓalli: muhawarar zaure kan tirim ɗin ƙananan jirage

Ɗalibin Sama: Assalamu alaikum manyan zaure. Shawara nake nema. Makarantar da zan fara koyon tuƙi a Afirka ta Kudu ta ba ni zaɓi biyu: tsohon Cessna 172, ko Cirrus SR20 wanda kuɗinsa ya ɗara. Na duba hotunan cikin Cirrus ɗin, ban ga wilin tirim ba sam, sai wani ɗan maɓalli a kan sandar tuƙi. Wani yayana da ya daɗe a harkar ya ce kada in kuskura in fara da jirgin da ba shi da wili. Tsoro ne irin na mutanen da, ko da gaskiyarsa?

Kyaftin Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Yayanka ya san abin da yake faɗa. Ɗauki 172, ɗana. Magana ta ƙare.

Bakano a Tekzas: Baba Kyaftin, Allah ya ƙara girma, amma ai yanzu ma magana ta fara. Ni da Cirrus nake koyar da ɗalibai a nan, kuma suna fita lafiya lau. Kwalejin hafsoshin sojan saman Amurka ma da wannan SR20 ɗin take horar da yaranta, sun sa masa suna T-53. Da rashin wili aibi ne da zai hana mutum iya tuƙi, da su za su fara ganewa.

Direban Tirela: Ku yi haƙuri, mu 'yan kallo a tuna da mu. Mene ne tirim ɗin nan da kuke neman faɗa a kansa?

Malama 'Yar Zazzau: Alhaji, bari in gwada. A bayan wutsiyar jirgi akwai wani leɓe mai motsi sama da ƙasa, shi ne elebeta. Matuƙi ya jawo sitiyari wajen ƙirjinsa, leɓen ya ɗaga, iska ta danne wutsiya, hancin jirgi ya tashi. Ya tura gaba, hanci ya sunkuya. Matsalar ita ce iska ba ta barin leɓen nan ya zauna inda ka ajiye shi, kullum tana son mayar da shi inda ta ga dama, sai ka yi ta riƙonsa da ƙarfin damtse. Minti biyar ba komai ba ne. Awa uku fa?

To a Cessna 172, a gefen baya na elebetar dama akwai wani ɗan harshe mai nasa hinjin. Waya ce ta taso daga gare shi har zuwa wani baƙin wili da ke ƙasan totur, tsakanin gwiwar malami da ta ɗalibi. Ka mirgina wilin baya, harshen ya sunkuya ƙasa, iska ta buge shi, shi kuma ya tura elebeta sama. Iskar da take kokawa da kai ita ce yanzu take riƙe maka leɓen, kai ka saki hannu. A lura, harshen yana tafiya ne kishiyar inda ake son elebeta ta je. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya Bajamushe, Anton Flettner, ya fito da asalinta tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya.

Direban Tirela: Au, kamar motar da ke ja gefe guda kenan, sai an kai ta alaimen hannu ya huta?

Malama 'Yar Zazzau: Ka kusa, Alhaji. Sai dai naku sau ɗaya ake yi a manta, namu kuwa duk lokacin da gudu ya canja, ko aka taɓa totur, ko aka sauke filaf, wato leɓen bayan fiffike da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali, sai an sake. Abin da nake so ƙanenmu mai tambaya ya riƙe shi ne, tirim ba tsayi yake zaɓar maka ba, gudu yake zaɓa. Ka daidaita 172 a nots 90 (nots shi ne ma'aunin gudun jirgi) ka saki hannu, sannan ka ƙara totur. Ba zai ƙara gudu ba, hanci zai ɗaga ya fara hawa, ya ɗan yi lilo sama da ƙasa, ya dawo kusa da 90 ɗinsa. Ka rage totur, ya sunkuya yana sauka, yana neman 90 ɗin dai. Wanda bai fahimci wannan ba, ko wili ka ba shi ko maɓalli, wahala zai sha.

Kyaftin Mai Ritaya: Madalla da 'yata, ta share mini hanya. Tunda gudu tirim yake zaɓa, mai koyo yana bukatar abin da zai ji a tafin hannunsa nawa ya zaɓa. Wili ka san abin da mirginawa ɗaya cikakkiya take yi. Ba a jimawa hannu ya haddace: an rage totur za a juyo wa fili, mirginawa kaza baya, an sauke filaf, a ɗan ƙara. Ba ka ko kallonsa. Kana son sauri ka fizge shi, kana son kaɗan ka shafa shi da yatsa ɗaya. Maɓalli gudu ɗaya ya sani, wanda masu ƙera shi suka ga dama.

Sannan wili ba ruwansa da batir. Altaneta ya mutu, wuta ta ɗauke, rediyo ya yi shiru, wili bai san ana yi ba. Kuma tun da nake ban taɓa jin wilin hannu zalla ya bushi iska ya fara juyawa da kansa ba.

A 1956 aka fara sayar da 172, an ƙera sama da 44,000, babu wani jirgi a duniya da aka ƙera da yawansa. Duk inda yaron nan ya je neman aikinsa na farko, shi ko ɗan'uwansa zai tarar a fili.

Bakano a Tekzas: Baba, bari in faɗi yadda na Cirrus yake, don da yawa suna zaton irin na Cessna ne aka sa wa lantarki. Ba haka ba ne. Babu wani harshe da matuƙi ke motsawa. Sifirin ne a jikin linzamin elebeta, shi ke jan sandar tuƙi zuwa tsakiya, sai ɗan injin lantarki da ke matsar da inda tsakiyar take. Wuta ta ɗauke, tirim ya tsaya cak inda yake, ka rinjayi sifirin da hannu ka sauka. An tsara shi yadda mutum zai iya.

Abin da ya sa nake sonsa, hannun dama ba ya barin totur, ido ba ya sauka ƙasa neman wili a daidai lokacin da titin jirgi ke gabanka. Kuma mu faɗi gaskiya, burin yaron nan jirgin fasinja ne. A Boeing da babban yatsa ake tirim tun daga tashi har sauka.

Inda zan ba Baba gaskiya guda ɗaya ne: a gudun tafiya maɓallin yana da zafin nama. Ka ɗan daɗe a kansa kaɗan, hanci ya wuce inda kake so. Sababbin ɗalibai sukan yi ta farautar tsayi, sama, ƙasa, sama, kafin yatsa ya koyi ƙyastawa ya saki.

Kyaftin Mai Ritaya: Ka ji ko. Da bakinsa.

Auta Mai Simuleta: Yayye ku bar ni in sa baki. Ni a kwamfuta nake tashi, Microsoft Flight Simulator, kuma babu abin da ke cin raina kamar tirim. Ina latsawa ina sassauta sanda, jirgi na ta tsalle. Haka yake a jirgin gaske?

Malama 'Yar Zazzau: A'a Auta, naka ya fi namu wuya. Sandar wasanka tana da sifirin mai tsakiya ɗaya tak, dole kana tirim kana mayar da ita tsakiyar a hankali, shi ne tsallen da kake gani. A jirgin gaske sitiyari ba ya matsawa daga inda ka riƙe shi. Nauyin da ke hannunka ne yake narkewa har ya ɓace.

Kuma wannan ne ya kawo ni inda na saɓa da Baba Kyaftin da ɗan'uwana na Tekzas gaba ɗaya. Na koyar a Diamond DA40, wanda ke da wili a tsakanin kujeru, masu otofailot kuma, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, har da maɓalli, don haka na ga ɗalibai da kowanne. Cutarsu ɗaya ce: tuƙa jirgi da tirim. Ya ga hanci ya sunkuya, maimakon ya ɗaga shi da hannu, sai ya kai wa tirim cafka. Jirgi ya amsa a makare, ya wuce gona da iri, ya sake juyawa baya. Haka za a yini.

Tsarin ba ya canjawa. Ka ajiye hanci inda kake so da hannunka, kana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa. Ka saita totur. Ka jira gudu ya zauna. Sai a ƙarshe ka share nauyin da ya rage. Jiran nan shi ne ke gagarar yara. An gama hawa a nots 74 ana son miƙewa a wajen 110, jirgi yana ɗaukar lokaci kafin ya kai, kuma duk tsawon lokacin nauyin turawa ƙaruwa yake yi. Wanda ya yi tirim sau ɗaya a 85 ya naɗe hannu, an jima zai tsinci kansa ƙafa 200 sama da inda aka ce ya tsaya.

Nakan sa ɗalibi ya riƙe da yatsu uku, ina satar kallon farcensa. Na ga ya yi fari, na san akwai nauyin da yake ɓoyewa, wani lokacin shi kansa bai sani ba. Sai in ce, saki. Ya saki, jirgi ya tona asiri.

Kyaftin Mai Ritaya: Ban ƙi taki ba. Amma ku zo mu je inda ake rasa rai, wato fasa sauka. Kana gangarowa a nots 65, filaf duka a ƙasa, totur a rufe, tirim ya tafi can baya. Sai ga shanu ko wani jirgin a kan titi. Ka danna totur har ƙarshe. Iskar farfela ta bugi wutsiya, hanci ya yi sama da wani irin ƙarfi da ɗalibi bai taɓa ji ba. In bai tura da gaske ba, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ga ƙasa nan ƙafa 50, babu wurin gyara. Tsofaffin 172 masu filaf har digiri 40 sun fi tsanani, daga samfurin 1981 aka tsayar da shi a 30. A nan wili ya yi rana: fizga biyu uku masu kyau gaba, nauyi ya sauka nan take.

Bakano a Tekzas: Da wane hannun, Baba? Hagu na tura sitiyari, dama na kan totur, ga filaf da za a ɗage zuwa digiri 20. Ni babban yatsana na kan maɓalli tun kafin totur ya kai ƙarshe.

Kyaftin Mai Ritaya: Ranar da maɓallin ya maƙale fa? Ko waya ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta, injin ya yi ta juyawa har ƙarshe kai ba ka taɓa komai ba? Tsohuwar dokar Amurka ta ƙera ƙananan jirage, Sashe na 23 kafin a sake rubuta shi a 2017, ta ƙayyade ƙarfin da za a nema daga matuƙi: fam 75 a sitiyari da hannu biyu na ɗan lokaci, wajen kilo 34 kenan, na dogon lokaci kuwa fam 10 kacal, kilo huɗu da rabi. Su da kansu sun san damtse ba ya jurewa. To tirim ɗin da ya gudu har ƙarshe ba ya tambayarka ko ka gaji.

Bakano a Tekzas: Shi ya sa ake koyar da shi tun kafin a bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Riƙe jirgi da ƙarfi, danna jan maɓallin cire otofailot ka ci gaba da dannawa, don a mafi yawan na'urori yana yanke wutar tirim muddin yatsa na kai, sannan ka zare birekarsa, wato makunnin da ke yanke masa wuta gaba ɗaya. Ɗalibaina sai sun nuna mini birekar nan ido a rufe. Wasu masu jirage ma zobe mai launi suke sa mata don a gane ta cikin duhu. In tirim ɗin ya gudu ne yana tura hanci ƙasa, rage totur, domin ƙarfin iska a kan wutsiya ba daidai da gudu yake hawa ba: gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. In sama ya gudu, karkata fiffike ka shiga kwana, hanci zai sauko.

Kuma Baba, 172 na yanzu masu otofailot ai suna da tirim na lantarki, wilin ma da kansa yake juyawa kana kallo. Wani abin da ya fi maƙalewar maɓalli yawan faruwa shi ne mutum ya manta otofailot na aiki ya ja sitiyari. Na'ura ta ji ana jayayya da ita, ta yi ta tura tirim ɗaya ɓangaren a ɓoye. Kana cire ta, duk nauyin ya faɗo hannunka lokaci guda.

Injiniya Na Hanga: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Matuƙa kuna ta musu a kan abin da ke gaban kujera, mu kuwa da ke kwana da ƙarshen wayar mun san wili da maɓalli duk bayin abin da aka ɗaura a wutsiya ne.

Baba Kyaftin, ranka ya daɗe, ka ce wilin hannu ba ya cin amana. Ranar 26 ga Agusta 2003, wani Beech 1900D na kamfanin Colgan Air ya tashi daga Hyannis a jihar Massachusetts, babu fasinja, matuƙa biyu kawai, bayan an canja masa wayar tirim. An naɗa wayar a baibai. Suna juya wili don hanci ya tashi, harshe na tura shi ƙasa. Suka ɗauka tirim ne ya gudu, suka ƙara juyawa, nauyin sitiyari ya kai wajen fam 250, suka faɗa teku, dukansu suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta samu aikin gyaran da laifi, gwajin bayan gyara bai wadatar ba, matuƙan ba su bi jerin dubawa yadda ya kamata ba, sannan hoton gangar wayar a kundin gyara na masu ƙera jirgin shi ma a juye aka zana shi. Ba ƙaramin jirgi ba ne, na sani, amma ganga da waya iri ɗaya ne da na ƙananan.

Don haka a wajenmu, duk jirgin da aka taɓa wa tirim, mutum biyu ke gwadawa. Ɗaya a ciki yana juya wili yana ɗaga murya, "hanci sama!" Ɗaya a tsaye a wutsiya, idonsa a kan harshe, sai ya ga ya sunkuya ya amsa, "harshe ƙasa!" Ba a yarda da allurar da ke nuna matsayi a ciki, don ita wili take bi, ba ta san abin da wutsiya ke yi ba.

Na biyu, sako-sako. Kafin ka tashi, dafe elebeta da hannu ɗaya, ka kama bakin harshen da yatsu biyu ka girgiza a hankali. In ka ji ƙwas-ƙwas, kira mu. Duba ɗan sandan da ke tura shi, noti na nan, fin ɗin da ke hana noti kwancewa na nan. Harshe mai sako-sako yakan kama makyarkyata a cikin iska har ya karya abin da ke riƙe da shi. Abin da ya faru kenan a tseren jirage na Reno, 16 ga Satumba 2011. Wani tsohon jirgin yaƙi P-51 da aka yi wa kwaskwarima don tsere, tsofaffin notuna da aka yi ta maimaita amfani da su sun saki, harshe ya kama rawa a gudun da ya haura nots 400, linzaminsa ya karye, hanci ya yi sama da ƙarfin da ya kai ninki 17 na nauyin jiki, matuƙin ya fita hayyacinsa. Jirgin ya faɗa kusa da 'yan kallo, mutum 11 suka rasu har da shi.

A nan gida kuma ga namu ƙarin: ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta zama wani baƙin ƙulli mai cin zare, sannan jirgin da ya daɗe a ajiye sai ka buɗe wutsiya ka tarar zanzaro ya yi gini a kan fuli, ɗan wilin da waya ke bi ta kansa.

Tsohon Sojan Sama: Injiniya ka tuna mini da Kaduna. Yaran yanzu ba su san an taɓa harhaɗa jirgin koyo a ƙasar nan ba. Air Beetle, guda 60, a shekarun 1990, daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's da ke Amurka, kuma da shi aka yaye matuƙan soja da dama. Ainihin RV ɗin, wanda mutane ke haɗawa a garejin gidansu, mai shi ne ke zaɓa, ko tirim na waya ko na lantarki. Har gobe masu haɗa shi suna wannan musun naku, ba su gama ba.

Kyaftin Mai Ritaya: Allah sarki. Su kuma 'yan makarantar tuƙin jirgi ta Zariya da suka tashi a TB-9 Tampico wata wutsiyar suka sani daban, irin ta Piper Cherokee. Babu elebeta a rabe, shimfiɗar wutsiyar gaba ɗaya ke motsi. Da an bar ta haka da ta yi sauƙin ja fiye da kima, sai aka sa mata dogon harshe mai bin inda ta nufa har ya zarce ta, don ya ƙara wa hannu nauyi da gangan. Shi ne kuma dai tirim ɗin. Tsofaffin Cherokee ma a rufi abin juyawar yake, kana miƙa hannu sama kana tunanin wane gefe ne hanci ƙasa.

Mai Bibiya: Ni fa tun ɗazu jirgin Habasha da ya faɗi nake tunawa. Ba tirim ne ya kashe su ba? Kuma ba akwai wili a ciki ba?

Shugaban Zaure: A taɓa shi a taƙaice don Allah, kan ƙananan jirage muke. Kada a koma zagin kamfanoni kamar wancan karon.

Injiniya Na Hanga: A taƙaice, shugaba. Boeing 737 MAX, 10 ga Maris 2019, mutum 157 suka rasu, cikinsu da 'yan Najeriya biyu har da Farfesa Pius Adesanmi. Na'ura ta yi ta tura hanci ƙasa bisa bayanin ƙarya daga ma'aunin kusurwar da iska ke bugun jirgi. Matuƙan sun yanke wutar tirim, suka koma wili, amma a gudun da suke wilin ya ƙi juyuwa. Dalili, a irin wannan jirgin ba ɗan harshe ake motsawa ba, shimfiɗar wutsiya ce sukutum ake karkatawa da jak mai zare, kuma iska ta danne ta.

Akwai ƙananan jirage masu wannan tsarin: Piper Super Cub, Cessna 180 da 185. Mooney ma ya zarce, wutsiyar duka har da tsayayyen ɓangaren ke karkata. Ya fi harshe ƙarfi kuma ba ya jan iska sosai, amma ran jirgin yana kan zaren jak ɗin nan. Alaska Airlines, 31 ga Janairu 2000, MD-83, zaren notin jak ya cinye saboda ƙarancin giris, mutum 88 suka rasu a tekun Kalifoniya. Giris fa.

Tsohon Sojan Sama: Duk da haka ni ina tare da Kyaftin ta wani gefen. In elebeta ta samu matsala, ko wace iri, da tirim za ka sauko da jirgi. Wili ya fi daɗin wannan aikin.

Malama 'Yar Zazzau: Yallaɓai, "ko wace iri" ɗin nan ce zan ɗan tsaya a kai, don matsala biyu ce kuma maganinsu kishiyar juna ne.

In wayar elebeta ce ta tsinke, leɓen yana lilo a sake, harshe zai ci gaba da tura shi kamar kullum. Wili baya, hanci sama. Wancan Sashe na 23 da Baba ya ambata ma ya wajabta cewa jirgi mai inji ɗaya ya iya sauka da tirim in linzami ya katse. Littafin 172 ya ba da tsarin: ka daidaita jirgi yana tafiya a miƙe a nots 60 zuwa 65 gwargwadon samfuri, filaf digiri 20, daga nan kada ka ƙara taɓa wili, da totur kaɗai za ka sarrafa gangarowa. Sai dab da ƙasa, inda rage totur ke sa hanci ya faɗi, ka mirgina wili baya sosai don kada tayar gaba ta fara dira.

In kuwa elebeta maƙalewa ta yi, ba ta motsi ko kaɗan, labari ya juye. Harshe ba shi da abin turawa, sai ya zama shi ne 'yar ƙaramar elebeta. Ka juya wili baya, harshe ya sunkuya, wutsiya ta ɗan tashi, hanci ya yi ƙasa. A baibai yake aiki, kuma da rauni.

Tsohon Sojan Sama: A takarda kenan, Malama. A sama wa zai tsaya wannan lissafin?

Malama 'Yar Zazzau: Ba sai an yi lissafi ba, hannu zai gaya maka. Sitiyari ya yi sakwaf yana tafiya babu nauyi, waya ce ta tsinke. Ya ƙame ya ƙi motsi, maƙalewa ce. Ana iya gwada ta biyun a sama can nesa da ƙasa tare da malami: ya riƙe sitiyari gam, kai ka juya wili kaɗan ka ga inda hanci ya nufa.

Bakano a Tekzas: Kafin Baba ya rigaye ni: e, a tirim na sifirin, in elebeta ta maƙale, maɓalli ba zai yi komai ba, don babu harshen da zai taɓa iska. Sai totur da filaf. Amma Cirrus yana da lema wadda ke sauko da jirgin gaba ɗaya.

Kyaftin Mai Ritaya: Lema! To ai shikenan, a rufe makarantu, kowa ya sayi lema.

Injiniya Na Hanga: Maƙalewar ma ba daga sama take faɗowa ba. Ko dai an tashi ba a cire ƙarfen da ake kulle sitiyari da shi don iska ba, ko wani abu ya faɗa cikin linzami. Na taɓa zaro murfin biro daga ƙarƙashin daɓen wani jirgin koyo, a kwance dab da fulin elebeta, wani karon kuma 'yar tocila a can cikin wutsiya, ba a san tun yaushe take yawo a wurin ba. Abin da ya faɗi daga aljihunku a sama kuka neme shi kuka rasa, ku rubuta a littafin jirgi, mu za mu ɗaga daɓe mu nemo shi kafin wani ya sake tashi.